An bar kompires a cikin mace bayan aikin haihuwa: ina ake kai ƙarar lokotoro a Damagaram?

Ɗan Garin Malam:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da masana shari'a da ke nan. An yi wa matar wani maƙwabcinmu aikin haihuwa a wani kilinik mai zaman kansa a nan cikin gari. Yaro ya zo lafiya, amma ita tun da aka sallamo ta ba ta ƙara jin daɗin jikinta ba. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, ciki na ciwo, wurin ɗinki na fitar da ruwa mai wari. Sau uku ana mai da ta can, ana rubuta mata magani ana cewa zai wuce. Bayan wata huɗu aka sake buɗe ta a wani asibiti dabam, aka ciro kompires, wato yadin da ake tsane jini da shi lokacin tiyata, da aka bari a ciki, har sai da aka yanke wani yanki na hanjinta. Lokotoron da ya yi aikin farko ma'aikacin gwamnati ne, da yamma yake zuwa kilinik ɗin.

Dangi sun rabu biyu. Wasu na cewa ƙaddara ce, a bar kaza cikin gashinta, wasu na cewa a tafi komisariya. Shi mijin ba kuɗi ne a gabansa ba, so yake kada a sake yi wa matar wani. Na ji an ce a Amurka kowace jiha tana da hukumar da ke binciken likitoci, har ta ƙwace musu lasisi. Mu nan wa ke wannan aiki? Kuma da me ake farawa?

Lokotoron Fiɗa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya raya yaron. Malam, kafin a yi maganar ƙofar da za a ƙwanƙwasa, a fara tsare hujja, domin a nan ne irin waɗannan ƙararraki suke mutuwa.

Ba kowace matsala da ta biyo bayan tiyata ce laifin likita ba. Mahaifa na iya ƙin tsukewa bayan an ciro yaro, jini ya ɓalle. Ɗinki na iya yin ruwa. Macen da aka taɓa yi wa aiki sau biyu ko uku, kayan cikinta sun manne da juna, ana iya taɓa mafitsararta ko da a hannun gwani ne. Waɗannan haɗarin aiki ne, kuma in an gano su da wuri an ɗauki mataki, ba wanda zai kama likita da laifi. Ba a ɗora masa dole sai ya warkar ba. Abin da aka ɗora masa shi ne ya yi aiki da kula, bisa ilimin da ake da shi, ya kuma bi ƙa'ida.

To, kompires da aka bari a ciki ba ya cikin wannan sahu, saboda akwai ƙa'idar da aka kafa musamman don hana shi, wato ƙirga. Mutum biyu ne suke ƙirga kompires da allurai da ƙarafa da murya a fili kafin a sa wuƙa. Duk fakitin da aka ƙara buɗewa ana cikin aiki sai an rubuta shi. A sake ƙirgawa kafin a rufe mahaifa, a sake kafin a rufe ciki, a sake lokacin ɗinke fata. In ashirin aka buɗe, sai an ga ashirin a shimfiɗe. In ɗaya ya ɓace ba a rufewa: a laluba cikin ciki, a zazzage bokiti, a ɗaga zannuwa, in har ba a gani ba a ɗauki hoton radiyo. Takardar bin matakan tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2008 ta sa wannan ƙirga cikin abubuwan da ake tabbatarwa kafin majiyyaci ya bar ɗakin aiki.

Yadda abin yake faruwa sananne ne. Aikin gaggawa ne da dare, jini ya yi yawa, an cusa kompires bayan mahaifa ko gefen hanji don a tare shi. Da ya sha jini sai ya dunƙule ya koma kamar tsoka, ido ba ya raba su. Ga ma'aikata ba su cika ba, wanda ya kamata ya ƙirga shi ne kuma yake gudu neman jini. Wani lokaci ana sauya ma'aikaci a tsakiyar aiki. Abin da ya fi ɓata rai shi ne amfani da yadin da aka yayyanka da hannu, wanda ba shi da zaren nan da ke fitowa a hoton radiyo. Irin wannan ko an ɗauki hoto ba zai nuna ba, sai eko ko sikana, wato na'urorin da ke nuna cikin jiki.

Amma ni a ganina kuskure na biyu ya fi na farko nauyi. Mace ta dawo sau uku da zazzaɓi da ciwon ciki da ruwa mai wari bayan tiyata, ba a yi mata eko ba, ba a auna jini ba, ba a tura ta gaba ba. Da an gano a sati na biyu ko na uku, mai yiwuwa da ba a kai ga yanke hanji ba, domin daɗewar da kompires ya yi ne ke sa ya manne da hanji har ya ci bangonsa. A rubuta ranakun dawowar nan uku daidai, a haɗa da ordonans, wato takardar magani, da aka ba ta kowace rana.

Game da takardu, ku fara da asibiti na biyu. Ku nemi rahoton tiyata, abin da muke kira compte rendu opératoire, wanda a ciki wanda ya yi aikin ya rubuta ƙarara abin da ya tarar, da inda ya tarar da shi, da tsawon hanjin da ya yanke. In an ɗauki hoton kompires ɗin a ɗakin aiki ku nemi kwafi. In an aika yankin hanjin awon nama, sakamakon hujja ne. Ku nemi takardar shaidar likita da ke faɗin yawan kwanakin da ba za ta iya aiki ba. Bayan haka sai ku koma kilinik na farko ku nemi rahoton tiyatarsu, da takardar mai sa barci, da takardar zafin jiki da magungunan kwanakin da ta kwanta, da takardar sallama. Ku haɗa da karne ɗinta na awon ciki da duk rasit ɗin biya.

Tambaya guda da za a yi muku ko ba jima ko ba daɗe: an taɓa buɗe cikinta kafin wannan? In an taɓa, ɓangaren likita zai ce kompires ɗin na wancan aiki ne. In ba a taɓa ba, wannan ƙofa a rufe take.

Metir na Sabon Gari:

Lokotoro ya gama da ɓangaren hujja. Ni a matsayina na lauya zan ɗora da inda ake zuwa, domin mutane kan haɗa hukumomi dabam-dabam wuri guda, alhali kowace da abin da take iya bayarwa.

Wadda ta yi daidai da abin da mijin yake so ita ce majalisar ladabtar da likitoci, Ordre des Médecins, wadda aka kafa a Nijar tun 1988 tare da kundin ɗa'ar aikin likita. Ita ke riƙe da jerin sunayen waɗanda aka yarda su yi aikin likita a ƙasa, kuma hukuncinta a kan aikin yake: gargaɗi, tsawatarwa a rubuce, dakatarwa na wani lokaci, ko soke suna daga jerin baki ɗaya. Ba ta ɗaure kowa, ba ta kuma sa a biya ku ko dala. Ikonta ma a kan wanda sunansa ke jerinta kaɗai yake. Shi ya sa abu na farko shi ne a tabbatar wane ne ya riƙe wuƙa a wannan dare. Mu nan duk mai farar riga lokotoro muke ce masa. In ya tabbata ba likita ba ne ya yi aikin, magana ta sauya, tana iya zama aikin likita ba bisa izini ba, kuma wannan laifi ne na kotu kai tsaye.

Takardar ƙorafin kada ta wuce shafi biyu. Sunan matar, sunan likitan, wurin, sannan ranaku a jere: ranar aiki, ranar sallama, ranakun dawowa, ranar aiki na biyu da abin da aka samu. A sa wa kowace takardar da aka haɗa lamba. Ban da zagi, ban da “ya so kashe ta”, domin duk kalmar da ba za ku iya tabbatarwa ba za ta zama makami a hannun wancan ɓangare. A yi kwafi biyu, a bar ɗaya, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan ku dawo da shi gida. Takardu na asali kuwa ba sa barin hannunku, kwafi ake bayarwa.

A rana guda a kai wani kwafi ofishin daraktan kiwon lafiya na jiha, DRSP. Dalili biyu. Likitan ma'aikacin gwamnati ne, saboda haka ma'aikatarsa na da nata hurumin ladabtarwa, kuma za ta iya tambayar ko yana da izinin aikin yamma da yake yi. Sannan ma'aikatar lafiya ce ke ba wuraren jinya masu zaman kansu izinin buɗewa, kuma izinin hawa-hawa ne: ɗakin ba da magani da allura dabam, ofishin ganin likita dabam, kilinik mai ɗakin tiyata dabam. In wurin ba shi da izinin tiyata aka yi tiyata a cikinsa, ba sai an jira dogon bincike kan kompires ba kafin hukuma ta taɓa shi.

Sai hanyar laifi. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta tanadi hukunci ga wanda ya jikkata wani ko ya yi sanadin mutuwarsa ba da niyya ba, ta hanyar rashin gwaninta, ko ganganci, ko rashin mai da hankali, ko sakaci, ko ƙin bin ƙa'ida. Ana iya kai ƙara komisariya ko jandarmeri, amma na fi son a rubuta kai tsaye zuwa ga mai shigar da ƙara na gwamnati, procureur, a babbar kotun Damagaram, saboda a komisariya maganar takan koma ta “ku je ku sasanta” tun ba a buɗe takarda ko guda ba. Mai shigar da ƙara na iya sa a yi bincike, yana kuma iya ajiye maganar ya ce ba abin bi. In ya ajiye, akwai hanyar kai ƙara gaban alƙali mai bincike a matsayin wanda aka cuta, a ajiye wani kuɗi da alƙalin zai yanka, shi kuma dole ya duba. Shi ne ke da ikon sa a karɓo ainihin dosiye, wato takardun jinyarta, da rajistar ɗakin tiyata, ya kuma naɗa ƙwararren da zai ce an yi kuskure ko ba a yi ba. Irin wannan laifi yana da wa'adi, shekara uku ne, saboda haka kada a tsaya jiran taron dangi har lokaci ya ƙure.

A kan ƙwararren nan shari'ar take tsayawa ko ta faɗi. Alƙali bai karanta likitanci ba, rahoton ƙwararre yake bi. Likitocin fiɗa da na mata a jihar nan kuwa ba su da yawa, yawancinsu sun san juna, wasu ma tare suka yi karatu. Lauyanku ya roƙi a naɗa wani daga Yamai ko Maraɗi, ya kuma rubuta tambayoyin da ake so ya amsa ɗaya bayan ɗaya: an yi ƙirga? ina aka rubuta shi? wane bincike ya kamata a yi a dawowa ta farko? jinkirin ne ya kai ga yanke hanji? In rahoto ya fito da kwana-kwana, ana da damar neman a sake naɗa wani.

Diyya kuma sai an tabbatar da abu uku tare: kuskure, da cutarwa, da cewa wannan kuskure ne ya haifar da wannan cutarwa. Na ukun ne ya fi wuya, kuma shi ya sa Lokotoro ya ce a fara da takardun asibiti na biyu. Tunda a kilinik mai zaman kansa aka yi aikin, ana haɗa likitan da kilinik ɗin a ƙara, domin mai wuri yana ɗaukar alhakin ma'aikatansa da kayan aikinsa. Da a asibitin gwamnati ne, da galibi asibitin ake kai ƙara ta ɓangaren shari'ar hukumomi, ba likitan a kansa ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a, a harabar kotu.

Gargaɗi na ƙarshe, kuma da gaske nake. Kada kowa ya sa sunan likitan ko na kilinik ɗin a Facebook ko guruf na WhatsApp. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta haɗa da ɓata suna, kuma gyaran da aka yi mata a 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri. Baki shi ke yanka wuya: sai a wayi gari mai gaskiya ne a tsare, maganar kompires ta koma gefe.

Inna Ungozoma:

Metir, sannu da ƙoƙari, amma akwai wadda kuka tsallake, ita ce mai jikin. Kowa na maganar miji da dangi. Dosiye nata ne, sirrinta ne, kuma likita na da hujjar ƙin miƙa shi ga miji ko maƙwabci. Ita za ta sa hannu a takardar nema, ko ta dangwala yatsa, ko ta ba mijin wakilci a rubuce. Kuma a tambaye ta tukuna ko ta yarda a yi ta karanta labarin mahaifarta gaban maza a ofis-ofis. In ba ta yarda ba a dakata, a lallashe ta, kada a yi gaban kai.

Ɗan Garin Malam, ɗana, ka gaya musu su zauna da ita da wadda ta yi jinyarta yau-yau, a rubuta abin da suke tunawa tun bai shuɗe ba: ƙarfe nawa aka shiga da ita, mutum nawa ta gani a ɗakin, allurar baya aka yi mata ko barci aka sa ta, wa ya zo duba ta washegari, me aka ce mata kowace dawowa. Wadda aka yi wa allurar baya idonta biyu, tana jin abin da ake faɗa, har takan ji ko an yi ƙirga.

In kun karɓo takardun ku duba su da kyau. Shafin da duk aka cike da biro ɗaya da hannu ɗaya, alhali kwana biyar ne da ma'aikata dabam-dabam, alama ce an zauna an rubuta shi daga baya. Rajistar ɗakin tiyata ta fi wuyar gyarawa, saboda littafi ne mai jerin lamba, sunanta na tsakanin na wasu.

Kuma don amfanin masu karatu, in abin ya kai ga rasuwa, Allah ya kiyaye, mu nan kafin azahar an kai mutum makwancinsa. Binciken gawa mai shigar da ƙara ne ke ba da umarninsa, kuma in an riga an rufe, tabbatar da sanadin mutuwa yakan yi wuya ƙwarai. Duk iyalin da ke da shakka su yanke shawara a cikin awannin nan na farko.

Ɗan Garin Malam:

Na gode Lokotoro, na gode Metir, Inna Allah ya ƙara girma. Ba a taɓa yi mata tiyata ba kafin wannan, haihuwarta uku duk da kanta. Saura tambayata ta Amurka, don in san ko abin da na ji gaskiya ne. Kuma me zan ce wa dattawan da ke cewa kai ƙara jayayya ce da ƙaddara?

Mai Bin Dokokin Lafiya:

Malam, abin da ka ji haka yake. A Amurka lasisin likita na jiha ne, ba na tarayya ba. Kowace jiha da dokarta ta aikin likita da hukumarta, wadda mambobinta likitoci ne haɗe da mutanen gari da ba likitoci ba, kuma a mafi yawan jihohi gwamna ke naɗa su. Tun 1889 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar wa jihohi wannan iko a shari'ar Dent da jihar West Virginia.

Kowa na iya kai ƙorafi kuma ba a biyan komai. Asibitoci da kamfanonin inshora da kotuna su ma suna kai rahoto. Da farko ana tacewa, a fitar da abin da ba hurumin hukumar ba ne, kamar rigimar kuɗin magani. Wanda ya tsallake sai a ba mai bincike, ya karɓo dosiye da izinin majiyyaci ko da sammaci, ya yi wa likitan tambayoyi, sannan a miƙa wa wani likita mai irin fanninsa ya rubuta ko an kauce wa abin da likita mai kula zai yi a irin wannan hali, kuma kaucewar ƙarama ce ko babba.

Nan akwai abin da ya shafi maganarku. A Kalifoniya da New York, sakaci na yau da kullum guda ɗaya bai isa a hukunta likita a kan lasisinsa ba. Sai dai ya zama mummunan sakaci, ko kuma sakaci fiye da sau ɗaya. Shi ya sa mai bincike a can ba zai tsaya kan kompires kaɗai ba, zai ƙirga dawowar da aka yi ba a bincika ba a matsayin wani sakacin dabam, kamar yadda Lokotoro ya nuna. Ku ma ku gina takardarku a kan wannan.

A Kalifoniya, in hujja ta yi ƙarfi, lauyoyin ofishin babban lauyan jiha ne ke rubuta takardar tuhuma, a zauna gaban alƙalin shari'ar hukumomi, a kawo shaidu, shi ya ba da shawarar hukunci, hukumar ta amince ko ta sauya, likita kuma na da damar zuwa kotu. Da yawa ba sa kai wa ga zaman, ana ƙarewa da yarjejeniya: likita ya karɓi tsawatarwa a bainar jama'a, ko ya ci gaba da aiki ƙarƙashin sa ido na wasu shekaru, ko ya koma horo, ko ya miƙa lasisin da kansa. In ana ganin barinsa haɗari ne, ana iya dakatar da shi tun kafin a gama. Nauyin hujjar da ake nema bai kai na shari'ar laifi ba. A yawancin jihohi ya isa a nuna zargin ya fi rinjaye, Kalifoniya kuwa tana neman hujja bayyananniya mai gamsarwa. Can ma hukumar ba ta ba majiyyaci kuɗi, diyya sai kotu.

Tsarin yana da ramukansa. Likitan da aka kora a wata jiha yakan tsallaka wata, shi ya sa dokar tarayya ta 1986 ta kafa rumbun bayanai na ƙasa da ya fara aiki a 1990, inda dole a kai rahoton hukuncin hukumomi, da diyyar da aka biya, da duk takunkumin da asibiti ya sa wa likita na fiye da kwana 30. Amma asibiti na iya barin mutum ya ajiye aiki salin-alin don a kauce wa rahoto. Haka ta faru da Christopher Duntsch, likitan tiyatar ƙashin baya a Texas, wanda ya yi ta sauya asibiti yana nakasa mutane, wasu suka mutu, kafin a soke lasisinsa a 2013, kotu kuma ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2017. Abin da ya tona shi a ƙarshe likitoci ne ƴan uwansa da suka ga ɓarnar a jikin majiyyatan da suka gyara, suka ƙi yin shiru. Saboda haka likitan da ya yi aiki na biyu shi ne babban shaidarku, ku riƙe shi da mutunci, kada ku jefa shi cikin surutun gari.

Tunda mutanenmu da yawa suna bi ta Magarya ko Matamai zuwa Daura da Katsina da Kano neman magani, a sani cewa in a can abin ya faru, Ordre ta Nijar ba ta da iko. Hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, ake rubuta wa, kuma ƙorafin sai ya zama takardar rantsuwa. Kwamitin bincike ke fara dubawa, in ya ga akwai abin amsawa ya tura wa kotun ladabtarwa ta hukumar, wadda ake ɗaukaka hukuncinta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Malam na Birni:

Game da dattawa, a yi musu magana da ladabi, amma fiƙihu ba ya tare da su a nan. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke lamuni daga kan wanda ya yi kuskure ba, in ba haka ba da ba a shar'anta diyyar kisan kuskure ba. Hadisi ya zo a wajen Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ne mai lamuni. Ko gwanin ma, Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa likitan da ya yi kaciya ya yanke kan gaba, akwai diyya, kuma an ɗauke shi a matsayin kuskure. Malamai sun raba tsakanin gwanin da ya yi aiki yadda ya kamata sannan cuta ta auku, wanda ba komai a kansa, da wanda hannunsa ya ƙetare ko ya yi sakaci. Yafewa haƙƙin matar ne, in ta yafe Allah ya ba ta lada. Sai dai yafe nata haƙƙi dabam, sanar da hukuma don a kare matan da za su kwanta a kan wannan gado gobe dabam.

Metir na Sabon Gari:

Inna ta yi gaskiya, na karɓi gyara, sa hannun matar ne a gaba da komai.

Abu guda zan ƙara, domin da zarar takarda ta isa DRSP za a turo manya a nemi sulhu. Sulhu ba laifi ba ne, amma kada ta sa hannu a kan cewa ta yafe duk wani abin da zai biyo baya tun likita bai tabbatar jikinta ya daidaita ba. Wadda aka buɗe sau biyu aka yanke mata hanji na iya samun toshewar hanji daga baya saboda mannewa, kuma cikin da za ta ɗauka nan gaba yana buƙatar kulawa ta musamman. A rubuta adadin kuɗin, da ranar biya, da wanda zai ɗauki nauyin jinyar gaba, a sa hannu gaban notaire, wato jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya, ko a kai wa alƙali ya tabbatar. A kuma sani cewa janye ƙararku ba ya ɗaure hannun mai shigar da ƙara ko Ordre ko ma'aikatar lafiya, in sun ga dama za su ci gaba. Duk wanda ya ce sai kun miƙa masa takardun asali kafin a biya, ku ce masa suna wajen lauya.